Kujerar Hajiya Dada a Jirgin Alhaji Bello

Ku da kuke zaune bakin titi da bindigar ƙusa a hannu, kuna tas-tas-tas, kafin a kira la'asar kun haɗa kujera uku, ku matso ku ji. Na ji abin da ɗayanku ya faɗa ranar da na wuce ta rumfarku, wai aikin kushin ba wani abu ba ne, ka yanka soso, ka ja leda, ka harba ƙusa, an gama. Ban tanka masa ba don ina sauri. Yau ina da lokaci.

Ni ban shiga aji ba, ko na yini ɗaya, kuma ban san abin da aka rubuta a jikin tef ɗinku na awo ba. Amma ku je Takur ku tambaya, ku je Jahun ku tambaya, wace ce Iya Talatu mai katifa. Akwai gidajen da har yau a kan ɗinkina ake kwana. Waɗanda na ɗinka wa suna amare, yanzu jikoki suke goyo.

A wajen mahaifina na koya, Allah Ya ji ƙansa. Shi akumari yake ɗinkawa, shimfiɗar nan mai kauri da ake ɗora wa jaki a baya kafin a aza masa kaya. Ni ce babba a gidan, don haka ni ce ke zama gefensa a zaure ina cire 'ya'yan audugar rimi. Shekara biyu ina wannan aiki ban taɓa basilla ba. In na gama cirewa in shanya audugar kwana uku, in ɗaure hanci da mayafi, in ɗauki tsumagiya biyu in yi ta bugu har ta tashi kamar kumfa. Ranar da ya fara miƙo min basilla, sai da na ɗinka buhu ɗaya sau huɗu yana farkewa yana miƙo min.

Baba ba ya karɓar aiki sai an kawo masa jakin. Zai shafa bayansa da tafin hannu tun daga wuya har gindin wutsiya, ya ji inda ƙashi ya taso, ya ji inda tsohon miki ya warke, sannan ya yanka. Wani mutumin Garki ya taɓa zuwa ba jaki, ya ce, "Haba Malam, jaki ai jaki ne." Baba ya ce, "To je ka ɗinka masa da kanka, tun da kun saba."

Kayan aikina ba su cika ƙwarya ba. Basilla uku ce, doguwa, da gajera, da wata da maƙeri ya lanƙwasa min don shiga lungu. Sai almakashi, da zaren abawa da nake ja a jikin kakin zuma don kada ya ruɓe, da ƙaramar guduma. Awona taƙi ne da kamu da yatsa. Da su na yi katifu da matasai bayan an kai ni ɗakin miji a Dutse, da su na riƙe 'ya'yana bayan mai gidan ya rasu.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce shekarar da soso ya cika kasuwa. Na tara audugar rimi ɗaki guda ina jiran kakar aure, kaka ta zo ta wuce, ba uwar amaryar da ta yi min sallama. Kowa katifar kamfani yake so, mai rubutu a gefe. Wata da na ɗinka wa katifar aurenta da hannuna ta ganni a gidan suna, sai ta kauda kai, don 'yarta ta soso ta saya wa. Ɓeraye suka haihu a cikin audugar. A shekarar ne kuma aka fara sare manyan itatuwan rimin da nake sayen audugarsu, aka yi katako da su. Akwai wani a hanyar Jahun da inuwarsa ke ɗaukar kasuwa guda, har yau in mota ta wuce wurin sai na waiwaya. To, da na ga haka, sai na koyi sosonku da ledarku. Na yi kujerun babur, na yi na motocin haya, da adaidaita sahu ya zo na yi nasa. Kada ku ɗauka ban iya naku ba. Nawa ne ku ba ku iya ba.

Aikin da nake so ku ji shi ne na jirgin Alhaji Bello. Ma'aikacin gwamnati ne da ya daɗe a kudu, ya yi ritaya ya dawo Takur. Da ya dawo sai ya taho da wani ƙaramin jirgin ruwa mai inji, na hannu, aka jawo shi a kan tirela aka ajiye a tsakar gidansa. Unguwa ta sami abin dariya. Jirgin ruwa a Dutse, garin da ko'ina ka duba dutse ne! Masu shayi suka riƙa cewa Alhaji ya ji labarin ɗufana da ba a gaya wa kowa ba.

Ƙarshen damina ya aiko a kira ni. Na tarar da shi da Malam Idi kafinta, wanda muka daɗe muna aiki tare, shi katako, ni auduga. Alhaji ya gaishe ni ya ce, "Iya, aikin gaggawa ne. Mahaifiyata, Hajiya Dada, tana da ƙanwa, Goggo Dudu, a wani tudu cikin fadama can bayan Jahun, inda aka haife su. Su biyu suka rage. Goggo ta makance, ba ta fita. Dada kuma tun da ta faɗi ta karya ƙashin ƙugu ba ta iya jure hanyar rani, duk ramuka ce da yashi, mun gwada sau ɗaya muka juyo daga rabi tana kuka. Shekara goma sha ɗaya ba su haɗu ba. Amma in kogi ya cika ya malala fadamar, jirgi yana kai wa har gindin tudun, kuma ruwa ba ya jijjiga mutum. Don wannan na sayi jirgin."

Na ce, "To me ya rage?"

Ya ce, "Wurin zama. Kuma wani masunci da ke mashigar kogin ya kafa sanda a ruwa, kullum yana duba min. Ya ce in mun wuce kwana goma sha biyu, ruwa ya ja baya, sai baɗi. Dada kuwa ta haura tamanin."

Ba sai ya ƙarasa ba.

Na tattare zane na hau tsani na shiga. Jama'a, ban taɓa ganin ɗaki irin wannan ba. Mutum ba ya miƙewa tsaye a ciki. Bango ba a miƙe yake ba, ƙasa a tsuke, sama a buɗe, ba kusurwar da za ka ce ga ta nan daidai. In ka auna taƙi huɗu a nan, ka matsa kaɗan sai ka ga uku da yatsa biyu. Benci biyu ne a ciki, ɗaya a kowane gefe, suna kallon juna, masu tsawon ƙafa, a ƙarƙashinsu akwai akwatuna, ɗaya na batir, ɗaya na tankin mai. Can gaba ta hannun dama akwai sitiyari da 'yar kujerar mai tuƙi. Soson da ke kan bencin ya sha ruwa ya yi baƙi, wari kamar tsohuwar rijiya.

Malam Idi ya zaro ƙusa zai gwada bangon. Alhaji ya yi wuf ya riƙe masa hannu. "Malam, wannan ba bangon ɗaki ba ne. In ka huda shi, kogi zai shigo ya gaishe mu." Daga nan muka koyi cewa ba a buga komai a jikin jirgi, sai a jikin katakan da aka riga aka kafa, kuma da noti na tagulla, don ƙarfe tsatsa yake yi. Ni ma na ce ba soso, audugar rimi zan sa, ba ta shan ruwa da wuri. Kuma ba leda, leda tana ɗaukar zafi ta manne wa tsoho a fata. Tamfol marar kauri zan sa daga ciki, atamfa daga waje.

Alhaji ya dafa wurin da ke kusa da kujerar tuƙi ta hagu. "Nan nake so, Iya. Ta zauna nan gaba ta ga hanya, ba a baya kamar kaya ba."

Na ce an gama. Kwana biyu muka yi. Malam Idi ya yanke bencin hagu ya juyo shi yana kallon gaba, ya rage masa tsawo. Ni na yi masa mazauni mai kauri taƙi guda, da majingina, da wurin ɗora hannu, na bi gefe da ɗinkin basilla lanƙwasasshiya, ƙulli-ƙulli a jere kamar 'ya'yan carbi. Ban taɓa yin kujerar da ta kai ta kyau ba.

Aka ɗauko Dada a kan kujerar roba, mutum huɗu suka hau da ita. 'Yar siririyar tsohuwa ce, fara, mai zane biyu a gefen baki, ba ta da yawan magana. Aka zaunar da ita. Ta shafa atamfar, ta duba ta taga. Alhaji ya hawo ya zauna a kujerar tuƙi, fuskarsa kamar yaron da aka ɗinka wa rigar salla, ya kama sitiyari yana nuna yadda za a yi. Dada ta sunkuyar da kai ta ce, "Mai katifa, ta yi tauri. A sauke ni."

Ni Talatu, a ce ɗinkina ya yi tauri! Na haɗiye. Na farke mazaunin, na rage auduga, na sake bugunta, na mayar. Washegari aka sake hawo da ita, Alhaji ya sake zama. Ta ce, "Ta yi laushi, nutsewa nake yi." Aka sauke ta. Na ce to tsawo ne, Malam Idi ya rage ƙafafu yatsa uku. Ta ce gwiwarta ta taso. Ya mayar da yatsa biyu. Ta ce hasken tagar yana shigar mata ido.

Malam Idi ya jefar da zarto. "Iya, ni fa na yi wa alƙali kujera, bai wahalar da ni haka ba. Ko dai hannunki ne ya tsufa?"

Na ce, "Hannuna ya girmi gemunka, kuma ya fi shi amfani."

Amma maganar ta zauna min. Kwana shida sun tafi. Masunci ya yi waya ya ce ruwa ya sauka taƙi guda a jikin sandarsa. Alhaji ya daina cin abincin kirki. Na zauna a gindin tirelar na tambayi kaina abin da na tsallake, sai na ga ashe jirgi na auna, ban auna matar ba. Ko sau ɗaya ban ga yadda take zama a ɗakinta ba. Da Baba na da rai, da ya farke aikin ya miƙo min.

Da safe na ɗauki ƙwaryar audugar da ba a cire wa 'ya'ya ba, na yi sallama ɗakin Dada na ce na zo ta taya ni. Ta ji daɗi. A ƙasa na same ta kan tabarma, ta miƙe ƙafafu biyu, ta jingina da bango, ta sa wani tsohon zane a naɗe ƙarƙashin ƙugun hagu. Na ajiye wannan a raina. Muna cirewa tana ba ni labarin Dudu, yadda suke tatsar shanu tare suna yara, Dudu ta fi ta saurin hannu, ita ta fi ta iya tallan nono. Tana cikin dariya sai muka ji sallamar Alhaji. Bai shigo ba, a bakin ƙofa ya durƙusa, daga gefe. Dada ta ja mayafi, ta juya fuska wajen bango. Ya gaishe ta. Ta ce da ni, "Ki ce wa mai gidan nan mun kwana lafiya."

Nan take na gane.

Na bi shi har gindin jirgin. Na ce, "Alhaji, kai ne ɗan fari?"

Ya ce, "Ni ne."

"Ɗan farin Bafulatana irin ta da, wadda ba ta kama sunanka, ba ta haɗa ido da kai, shi ne ka sa na dasa ta kafaɗa da kafaɗa da kai, ga kafinta, ga masu ɗaukarta suna kallo? Ka bar ni ina ɗinki ina farkewa kwana shida kamar sabuwar koyo?"

Ku yaran yanzu ba ku san wannan kunyar ba, uwayenku suna kiran sunanku daga bakin titi. Mu ma mun yi ta, ni kaina ban kama sunan babban ɗana ba, sai dai zaman birni ya sassauta mana ita har na manta akwai masu riƙe da ita yadda aka ba su. Dada ba za ta taɓa buɗe baki ta ce ga dalili ba. Faɗin dalilin ma rashin kunya ne. Gara ta ce ɗinkina ya yi tauri, gara ma ta haƙura da ganin 'yar'uwarta.

Alhaji ya daɗe yana murza hularsa a hannu. Ya ce, "Na sani, Iya. Na ɗauka a kan ruwa, inda ba kowa, ko za ta yarda. Tun da aka yaye ni aka kai ni wajen kakata. Gemuna ya yi fari, ban taɓa zama kusa da ita ba."

Na ce, "To yanzu zaɓi. Ko ta zauna kusa da kai a tsakar gida a sauke ta, ko ta ga Goggo Dudu."

Ya ce, "Ki kai ta can baya, inda ba za ta ganni ba."

Na sake hawa jirgin ni kaɗai na zauna ina kallo. Can baya kusa da inji ne, ga ƙara, ga warin mai, tsohuwa ba za ta jure ba. Wurin da zai ɗauki ƙafafunta a miƙe guda ɗaya ne, gefen dama, daga bayan kujerar tuƙi zuwa ƙofa. Na auna, kamu biyu da taƙi. Ya isa. Na kira Malam Idi na ce ya mayar da bencin hagu yadda ya same shi, ya sauke na dama ƙasa-ƙasa, taƙi guda daga daɓe, ya faɗaɗa shi. Dada za ta zauna a kai ta miƙe ƙafa tana kallon baya, ta ba mai tuƙi baya, shi ma ya ba ta baya. Ba ta ganinsa, ba ya ganinta.

Malam Idi ya ce, "To akwatin batir fa? Kuma in kin tara uwa da ɗa a gefe guda, jirgin zai karkata kamar jakin da aka yi wa mangala ɗaya."

Gaskiyarsa. Ya kwance batir ya kai hagu kusa da tankin mai, aka kira mai gyaran wuta ya ƙara waya. Muka ce ni da shi za mu zauna hagu, da buhun geron da za a kai wa Goggo Dudu tsaraba. Ya ce, "Ke ɗaya ma kin isa, Iya, a bar geron." Na ce zan tuna masa a tsakiyar kogi.

Saura majingina. Kujerar tuƙi da mazaunin Dada baya ɗaya za su raba. Malam Idi ya ɗauko falanki mai kauri zai kafa tsakani. Na ce a'a, ya yi min firam kawai, tsakiyarsa a buɗe. Ya ce don me? Na ce falanki nauyi gare shi. Ya kalle ni, ya kalli falankin da yaro ma zai ɗaga da hannu ɗaya, ya yi firam ɗin. Na saƙe tsakiyar da igiya kamar gadon ƙauye, na ɗinka matashi guda ɗaya mai fuska biyu, kaurinsa yatsa huɗu, ban cika shi dam ba. Mazaunin kuma na yi masa tudu kaɗan ta hagu, daidai inda take sa naɗaɗɗen zanenta. Kwana uku wannan ya ci.

Ranar gwaji na ce Alhaji ya riga kowa hawa, ya zauna ya kalli gabansa, kada ya waiwayo ko an kira shi. Aka hawo da Dada ta ƙofar baya aka zaunar. Ta miƙe ƙafafu. Ta gyara mayafi. Ta jingina a hankali. Muna tsaye muna kallo.

Na ce, "Dada, sai dai fa ba za ki ga gaba ba, baya za ki riƙa kallo."

Ta ce, "Na san hanyar. Yaushe za a tafi?"

Kwana na goma sha ɗaya muka tafi. A-kori-kura na jan tirelar jirgin a gaba, Dada a kwance kan katifa a motar Alhaji, ana tafiya a hankali har muka wuce Jahun muka kai mashigar da hantsi. Masuncin ya nuna mana sandarsa, ruwa ya sauka fiye da kamu. Ya ce, "Ku bi inda ciyawa ta kwanta, kada ku bi inda ta miƙe. Kuma kada ku kwana, gobe ba za ku fito ba."

Ranar na fara hawa ruwa a rayuwata. Da injin ya tashi na damƙe buhun gero da hannu biyu ina salati, Malam Idi yana dariya har da hawaye. Amma jirgin bai karkata ba, ya zauna daidai. Fadama ta zama ruwa iyakar gani, sai kawunan giginya da na dawar da ruwa ya ci, da balbelu a kan rassa. Dada ba ta yi ƙorafin komai ba. In mun wuce wuri sai ta nuna min ta ƙofa. "Mai katifa, kin ga tsamiyar can? Nan muke sauka da kaka. Can kuma saniyar babanmu ta taɓa maƙalewa a laka, maza takwas suka jawo ta." Da ni take magana, amma da ƙarfi take yi, fiye da yadda kunnena yake buƙata.

Shi kuwa Alhaji, na lura tun da muka tashi bai jingina ba. Ya sunkuya gaba ya rungume sitiyari, ya bar tsakaninsa da matashin kusan taƙi guda. Haka ya yi tafiyar nan duka.

Sau biyu cikin jirgin ya goga yashi. Na biyun ya tsaya cak. Malam Idi ya naɗe wando ya sauka, ruwa iya cinya, ya tura yana cewa shi kafinta ne ba jaki ba. Jirgin ya zame ya wuce. Dab da azahar muka ga tudun, bukkoki kamar goma da shanu a gefe.

An riga an fito da Goggo Dudu bakin ruwa, tana zaune a kan turmin da aka kifa. Aka ɗauki Dada aka ajiye ta a tabarma gabanta. Ba wadda ta yi kuka da farko. Goggo Dudu ta miƙo hannu biyu ta laluba fuskar yayarta, goshi, kunci, zanen gefen baki, ta daɗe a nan. Sannan ta ce, "Adda, kin tsufa."

Dada ta ce, "Ke da ba ki ga kanki ba."

Sai suka juya harshe zuwa Fulatanci, mu kuma muka ja gefe. An dama mana fura da nonon da ban sha irinsa ba tun ina yarinya a gidanmu. Mun yi azahar, mun yi la'asar, su kuwa 'yan'uwan hannun ɗaya na cikin na ɗaya. Ba wanda ya so ya ce lokaci ya yi. Malam Idi ne ya je ya duba inda ruwa ya tsaya a jikin jirgin, ya dawo ya yi wa Alhaji raɗa.

Da aka mayar da Dada mazauninta, Goggo Dudu ta sa aka kama ta ta miƙe tsaye a bakin ruwa, ta juyo fuska wajen ƙarar injin. Jirgin ya juya ya kama hanya. Mu duka gaba muke kallo, Dada kaɗai ke fuskantar tudun. Ta ƙofar nan ta baya ta yi ta kallon ƙanwarta a tsaye, farin mayafi yana ƙanƙancewa, har giginyu suka shiga tsakani. Ko bayan sun shiga ba ta ɗauke ido ba. Na ga kafaɗunta suna rawa, na mayar da idona kan ɗinkin da ke gefen bencina.

Mun yi tafiya mai nisa. Rana ta yi sanyi, iskar ruwa ta fara shigowa. Alhaji yana nan a sunkuye kan sitiyari yadda ya zo.

Sai Dada ta ce, "Mai katifa."

Na ce, "Na'am, Dada."

"Majinginar nan taki ba ta da ƙarfi. In na jingina, tafiya take yi."

Malam Idi ya buɗe baki zai ce ai shi ya kawo falanki, na taka masa ƙafa.

Ta gyara mayafi, ta ce, "Ki ce wa mai tuƙin nan ya jingina, ya tare min ita."

Ban faɗa masa ba, ya ji. Na ga hannunsa ya ƙara damƙe sitiyarin. Sannan ya miƙe bayansa a hankali, kamar mai tsoron fasa ƙwai, ya kai shi jikin matashin. Igiyar ta yi 'yar ƙara ta ɗauki nauyin su biyu. Dada ta saki jikinta ta lumshe ido.

Har muka iso mashigar, ba wanda ya motsa a cikinsu.